Igiyar da Aka Ɗaure a Ƙofar Kainji

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa da abin da ke cikin ƙirji.

Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kun ji ana kiran yayana Umaru da Bappa Ƙulli, kuka ɗauka laƙabi ne irin na wasa, kamar yadda ake ce wa wani Dogo ko Na-Jega. Ranar da muke dawowa daga jana'izarsa a Gumbin Kure, na ji ɗaya daga cikinku a bayan mota, ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa, yana ba abokinsa labari cewa ai marigayin nan shi ne ya taɓa kifar da jirgin kakanmu har mutum ya mutu. Na ƙyale shi, don ranar ba ta faɗa ba ce, amma maganar tana raina har yau. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kwanta dama, saura ni kaɗai, kuma ni ma ido ya fara gajiya. In na tafi da zancen nan a ciki, ƙarya za ta zama gadonku. Don haka ku ajiye wayoyin nan naku na ɗan lokaci, ba za su gudu ba, ku karanta abin da ya faru da Umaru.

Mu Sarkawa ne, mutanen ruwa, ko da yake ku yanzu in mota ta hau gadar Jega sai ku runtse ido kuna salati. Mahaifinmu, Mudi Mai Jirgi, babban jirgin katako gare shi na dakon kaya. A ƙarshen damina, lokacin da Gulbin Zamfara ya cika ya batse, manoman Aliero sukan buɗe rudunsu, wato rumbunan ciyawa da suke adana albasa a ciki, su kwaso wadda ta tsira daga ruɓa, su ɗoro wa jakuna har mashigin Jega. Daga nan Baba zai lodata, ya gangara gulbi har ya haɗu da na Kabi, ya faɗa Kwara, ya wuce Yawuri, ya ratsa duwatsun Busa, ya sauke a Jabba inda jirgin ƙasa ke kwasa zuwa kudu. Duwatsun Busa nan sun ci jirage da mutane ba adadi, amma Baba tun yana saurayi har ya yi furfura bai taɓa zubar da buhu ba, balle rai. Ba shi da shanu, ba shi da gona ta a zo a gani. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma ya san da haka. In yana tafiya a kasuwar Jega, har wani ɗan rangaji yake yi.

Baba yana da doka guda wadda ya fi tsananta mana a kanta fiye da komai in ka ɗauke salla. Jirgi in ya taɓa gaɓa, a ɗaure shi, ɗauri na gaske. A Kwara wanda ya yi wa igiya sako-sako, zai waiwayo ya hangi jirginsa da kayan mutane suna tafiya ba sallama. Akwai wani ƙulli nasa da ya gada wajen kakanmu, mai zagaye biyu da sokewa, wanda ja ba ya ƙara masa komai sai ƙarfi. Ni da Umaru mun sha dorina kafin mu iya shi. Shi kuwa Baba ba ya ma duban hannunsa. Yana ciniki, yana gaisawa, yana tauna goro, sai ka ga jirgi ya ɗauru.

Sai aka zo aka datse Kwara a Kainji, ga kuma yaƙin basasa, aka yi shekaru ba mu sauka kudu ba. Kafin ƙura ta lafa, hanyar mota ta yi kyau, manoman Aliero suka gane roka, babbar motar kaya, ta fi sauri. Jirginmu ya koma ɗan ƙetarar da mutane da tumaki ranar kasuwa. Baba ya rame, ya zama mai saurin fushi, ko tari ka yi kusa da shi sai ka ji abin da ba ka so. Ana nan sai ga wani manomi daga Aliero, Sa'idu, mutum mai fara'a da yawan zance, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Ya ce shi ya gaji da yadda zafin mota ke dafa masa albasa a hanya, ya ji an ce an yi wa jirage ƙofa a jikin bangon Kainji, yana so Baba ya kai shi Jabba ta ruwa kamar yadda ya riƙa kai mahaifinsa. Wasu maƙwabtansa ma suka zuba nasu kayan. A ranar na ga Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Inna ce ba ta so ba. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Malam, ruwan da kas sani ba shi na nan ba yanzu. An ce an ɗamre shi kamar akuya. Ka zamna gida, ka bar ma masu mota."

Baba ya ce, "Ruwa ruwa na, ko an sa mai wando. Ni Busa ba ta kada ni ba, ƙohwa ta za ta kada ni?"

"To ka bar min yaro guda."

"Dut da su za ni. In ban gwada musu hanya ba, wa ka gwada musu?"

Daga nan sai ta shiga yi mana guzuri, ta soya ƙuli-ƙuli, ta daka garin gero da yaji. Umaru a lokacin yana da mata da ɗa guda, shi ne kuma ya iya injin da muka maƙala wa jirgin a baya. Ni ko aure ban yi ba, ba abin da ke kaina sai ɗokin in ga bangon da ake ta labari.

Tafiyar gulbi ta yi daɗi. Baba ya dawo Baban da muka sani, yana tsaye a bayan jirgi yana nuna mana kowace kwana da kowane tsibiri, masunta na ɗago masa hannu suna kiran sunansa. Sa'idu ya yi wa kansa sheƙa a saman buhuna, da farko yana ƙanƙame da igiyar lodi yana karanto duk addu'ar da ya sani, daga baya ya saki jiki ya shiga ba mu dariya. Mutumin tudu ne, ko a kududdufi bai taɓa iyo ba, amma ya ce in ya koma Aliero sai an riƙa kiransa Sarkin Ruwa. Da muka wuce Yawuri sai kogi ya buɗe ya zama tafki, ba ka ganin gaɓar can sai dishi-dishi. A nan Baba ya daina nuna mana hanya. Garuruwan da yake kwana, kukar da yake auna hanya da ita, gidan abokinsa mai ba shi masauki, duk suna ƙarƙashinmu. Kawunan itatuwa matattu ne kawai suka leƙo sama. Can ya sa Umaru ya rage wuta, ya leƙa ruwan ya daɗe.

Baba ya ce, "Nan Busa take. Nan ƙasa."

Ruwan kuwa luf, ko motsi babu. Abin da ya ƙare rayuwarsa yana gwanancewa a kai, yanzu ko mace mai goyo za ta wuce shi da ƙaramin kwalekwale. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kau da kai don kada ya gani.

Ga yadda ƙofar take, tunda ba ku taɓa gani ba. Ruwan tafki yana sama, kogin da ke bayan bango yana can ƙasa, nisan da ke tsakaninsu ya fi tsayin rimi. Sai aka gina wani dogon ɗaki na siminti marar rufi, da ƙyauren ƙarfe gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe na baya, a riƙa janye ruwan ta ƙasa, jirgin yana sauka tare da shi har ya yi daidai da ruwan gaba, sannan a buɗe masa ya fita. Irin wannan ɗaki biyu muka bi, tsakaninsu kuma akwai hanyar ruwa da aka sara cikin dutse. A jikin bangon an dasa ƙarafa hawa-hawa na riƙe jirgi. Kafin mu shiga, wani ma'aikaci Banufe mai Hausa ras ya tsugunna a bakin bango ya yi mana bayani, ya kuma maimaita, don ya ga mu baƙi ne.

Ya ce, "Baba, a nan ba a ɗaure jirgi. Ku zagaya igiya a ƙarfen nan, ku riƙe bakinta a hannu. Ruwa na sauka kuna saki, in ta kusa ƙarewa ku mayar da ita ƙarfen ƙasa. Wanda ya ƙulla, jirginsa zai rataye."

Baba ya yi dariya ya ce, "Kun ji garin da jirgi ka rataya kamar rigar wanki." Sannan ya juyo gare mu ya murtuke fuska. "Kun dai ji shi. Wanda yaƙ ƙulla min igiya nan, ni da shi."

Ina so ku riƙe wannan. An gaya mana, mun ji, mun gane, Baba da kansa ya ja mana kunne. Ba wanda ya cuce mu a wurin nan.

A ɗakin farko ni na riƙe igiyar goshi, Umaru ta baya, Baba ya zauna a tsakiya ya harɗe hannu. Ƙyaure ya rufu a bayanmu da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Sai bango ya fara tsawo, jiƙaƙƙe, kore shar da gansakuka, sama tana ƙanƙancewa, sanyi na tasowa kamar an zura mu rijiya. Sa'idu ya yi ta kabbara. Da ƙyauren gaba ya buɗe, haske ya shigo, muka fito lafiya, har Baba ya gyaɗa kai ya ce lallai wanda ya yi wannan ya sha nono ya ƙoshi. Muka bi hanyar da aka sara, dutse dama da hagu da sawun haƙa a jikinsa, ruwan a miƙe sak ba kwana ba tsibiri, wasu mata na wanki a wani gangare suna ɗaga mana hannu. A nan inji ya fara tari, yana ɗaukewa yana kamawa, da ƙyar ya kai mu cikin ɗaki na biyu.

Muka zagaya igiyoyi kamar ɗazu, aka rufe, ruwa ya fara sauka. Umaru yana tsoron kada a buɗe ƙyaure inji ya ƙi tashi mu tare wa na baya hanya. Na ji shi da kunnena ya ce:

"Baba, riƙe min wagga in duba inji."

Baba ya matsa ya karɓa. Umaru ya duƙa kan inji, ya ba bango baya. Sa'idu kuma, da tsoro ya sake shi, ya juyo daga saman buhuna yana tambayar Baba wai tsakanin wannan da Busa wanne ya fi ban tsoro. Ai kuwa ya sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Baba ya shiga ba shi labarin wata shekara da ruwa ya juya su a tsakanin duwatsu, idonsa na kan Sa'idu, bakinsa na zuba. Hannuwansa kuwa suka ji igiya da ƙarfe, suka yi abin da suka saba yi tun kafin a haife mu. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Baba ba wawa ba ne, amma a ranar sabo ya turke shi.

Ƙarar igiya na fara ji, irin wadda take yi in ta miƙe ta kai maƙura. Na waiwaya na ga bayan jirgi ya tsaya cak, goshi na bin ruwa ƙasa. Baba ya kai hannu zai kwance, ina, ƙullin nan ja ƙarfi yake ƙara masa. Na kwarma ihu, ma'aikatan sama suka ruga su tsayar da ruwa, amma kafin nan buhuna sun fara zamewa. Lodin gaba ɗaya ya taho gaba da Sa'idu a kansa. Umaru ya zaro adda ya sare igiyar, bayan jirgi ya faɗo ya daki ruwa, katako ya tsage, muka tsinci kanmu a ciki. Da na taso, albasa ta rufe ruwan ɗakin nan ja wur daga bango zuwa bango. Baba na riƙe da wani ƙarfe. Sa'idu babu shi. Ni da Umaru muka yi ta nutso muna ture buhuna, ma'aikata suka sauko da igiyoyi suka taya mu. Da muka fito da shi rai ya riga ya yi halinsa.

A gaɓar ƙasa akwai sansanin masunta, cikinsu har da Sarkawan wajenmu. Su suka taimaka aka yi wa Sa'idu wanka da sutura, aka sallace shi, muka rufe shi a gindin wata tsamiya kafin la'asar. Mutumin da ya bar gida da dariya, ga shi a ƙasar da ko sunanta iyalinsa ba su sani ba. Muna gama addu'a sai ga jami'in hukuma ya zo jin ba'asi, kamar yadda aikinsa ya ce. An kwanto guntun igiyar daga jikin bango, yana riƙe da shi, ƙullin na nan daram. A gaban masuntan nan duka ya tambaya wa ya yi wannan. Baba na zaune a ƙasa, rigarsa a jiƙe. Na ga leɓɓansa sun fara motsi. Umaru ya dafa masa gwiwa ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ni nid ɗamre. Igiyar baya tawa ta, kowa ya gani."

Gaskiya ne kowa ya ga igiyar a hannunsa lokacin da muka shiga, kuma ƙullin duk gidanmu mun iya shi. Ba wanda ya yi shakka. Aka tafi da shi aka yi masa tambayoyi, aka tabbatar tsautsayi ne, aka sake shi. Da muka keɓe mu uku, Baba ya kama rigar Umaru ya ce sai ya koma ya faɗi gaskiya.

Umaru ya ce, "Baba, magana ta riga ta hita. In kac canza ta yanzu, mu biyu mun zama maƙaryata gaban hukuma. Ni in anka ce yaro ya yi wauta, baɗi an manta. Kai in anka ce kai na, mi yar rage maka?"

Baba ya rufe fuska da hannu, ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji daga bakin namiji ba. Amma bai koma ba. Ba zan wanke shi a nan ba, ubana ne kuma ina sonsa, sai dai a ranar ya yi rauni, ya bar ɗansa ya ɗaukar masa kaya. Umaru ya ja ni gefe ya sa na yi masa alkawari da girman Allah ba zan gaya wa kowa ba.

Na ce, "Ko Inna?"

Ya ce, "Ita ta hi kowa. In tas sani, da wane ido za ta dubi Baba? Ita ɗai ta rage mai."

A bayan roka muka koma gida, Mudi Mai Jirgi a tsugunne cikin buhunan gishiri. Labari ya riga mu isa, don bakin masunta ya fi mota gudu. Ba mu sauka a Jega ba sai da muka je Aliero. Umaru ya durƙusa a zauren su Sa'idu gaban yayan marigayin, Malam Haruna, muna jiyo kukan mata daga ciki, ya ce shi ne sanadi, a yi masa duk abin da aka ga dama. Malam Haruna mutumin kirki ne, ya ce kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira. Sun yafe ɗin kuwa, amma yafewa daban, mantawa daban. Lissafin Umaru na cewa baɗi an manta, a nan ya karye. Masu kaya suka daina ba shi ko ƙunshin goro ya ƙetarar. In ya sa ƙafa a kwalekwale sai ka ga mata sun fara sauka da 'ya'yansu. Yara suka laƙa masa sunan nan da kuka gada, manya suka ɗauka.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan na cikin gida. Umaru ɗan fari ne, kun kuwa san al'adarmu, ko da yake ku kun watsar da ita. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana duban wani wuri. Amma duk gidan mun san shi ne ɗan cikin zuciyarta. In ta dafa kifi, kan babban a kwanonsa yake, ba ta taɓa kuskurewa ba, ko bayan ya yi aure sai ta aika masa da shi sashensa. Iyakar zancen da ke tsakaninsu ke nan. Ranar da muka dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta dube ni, ba shi ba, ta ce:

"Garba, ka ce ma wancan, abin da ubanai yat tara tun ba a haihe shi ba, ya zubar da shi rana guda. Ya kuma mai da ɗiyan mutane marayu."

Umaru ya ce, "A yi haƙuri, Inna."

Daga ranar kan kifi bai ƙara zuwa kwanonsa ba. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ta dai janye ɗan abin nan, shi kuma ba shi da ƙofar da zai bi ya yi mata bayani ko da ya so. Kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya koma Gumbin Kure wajen dangin matarsa, ya ari gona. Mutumin da aka yanke wa cibi a bakin gulbi ya koma noman gero a tudu, hannunsa ya yi kanta da fartanya. Duk kaka sai ya ɗaure damman hatsi a jaki ya kai Aliero, ya ajiye a zauren marayun Sa'idu. Da fari sukan mayar masa, bai fasa ba, har suka gaji suka fara karɓa.

Baba kuwa bai sake zuwa mashigi ba. Sunansa ya tsira, har ma ya ƙaru, don yanzu an haɗa masa da tausayi. Yana zaune a ƙofar gida mutane za su tsaya su ce sannu da haƙuri, Baba Mudi, ɗa ne ka haifa ba ka haifi halinsa ba. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce madalla. Ina kallonsa yana narkewa a kan tabarmar nan shekara bayan shekara, Inna na jinyar baƙin cikin da ba ta san tushensa ba, tana ƙara jin haushin wanda take zaton ya jawo. Ni na shiga fataucin albasa a mota, na yi aure, aka fara haifarku. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Wata rana na bi Umaru har gona na roƙe shi ya kwance mini alkawari, ko Inna kaɗai in gaya wa. Ya jingina da fartanya.

Ya ce, "Bari tukuna, Garba. Baba ya tsuhwa. In Allah ya yi mai rasuwa da mutuncinai, ni da kaina zan zamna gabanta in hwaɗa mata."

Duk mun ɗauka Baba ne zai riga, don shi ne kullum a kwance. Sai Allah ya yi nasa ikon. Inna da ke kai da kawo, zazzaɓi ya kama ta, kafin saƙo ya kai Gumbin Kure ta cika. Umaru ya iso ana ɗaukar makara, ya sa kafaɗa, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Da yamma an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a ta cika, masunta, 'yan kasuwa, har Malam Haruna ya zo daga Aliero da mutanensa. Liman ya shafa fatiha ke nan sai Baba ya dafa sanda ya miƙe, abin da ya daɗe bai yi ba sai an kama shi. Kowa ya juyo gare shi.

Ya ce, "Jama'a, ku saurara min. Matar nan ta tahi da abin da ba shi na ba, kuma ni nij ja. Igiyar Kainji ni nid ɗamre ta. Da hannuna wanga. Umaru bai ƙulla komi ba, inji shika dubawa."

Tun da nake ban taɓa jin sunan Umaru a bakin Baba ba sai ranar. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na ce yau dai ta ƙare. Na dubi fuskokin mutane ina jiran salati. Sai na ga suna girgiza kai a hankali, wasu na share ido. Wani tsohon masunci ya ce Allah sarki, uba ke nan. Malam Haruna ya taso ya kama hannun Baba cikin ladabi.

Ya ce, "Baba Mudi, zamna. Mun san halinka, mun san hannunka. Yaron nan mun yahe mai tun tuni, ba sai ka ɗauki kayanai ba."

Baba ya fizge hannu ya ce, "Garba na wurin! Garba, hwaɗa musu!"

Na dubi Umaru, ya sunkuyar da kai, bai hana ni ba. Na miƙe na ce wallahi abin da Baba ya faɗa haka yake, a gabana aka miƙa masa igiyar. Sai liman ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka, ɗan halak ba ya ƙaryata ubansa a bainar jama'a. Aka ce amin. Aka shiga yabon Baba, wai dubi dattijo, yana cikin zafin rashi amma tunaninsa yadda zai wanke ɗansa. Baba ya tsaya yana duban wannan yana duban wancan, yana ta cewa ni na, wallahi ni na, kamar mai magana da bango. Umaru ne ya tashi ya rungumo shi, ya ce wa mutane a yi haƙuri tsoho ya gaji, ya shigar da shi ciki ya kwantar.

Na sami Umaru bayan nan a tsakar gida, zaune a bakin murhun Inna da ba a hura ba, yana juya toka da tsinke. Raina a ɓace na ce masa gobe zan bi mutanen nan gida-gida, in rantse musu da Alƙur'ani har sai sun yarda. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ƙyale su, Garba. Ni ban taɓa damuwa da su ba. Wadda nike so ta ji, ita munka ruhe da sahe."